Ɗanka Ya Sha Ƙwaya, Mai Gida Ya Ce Ku Tashi

A Kwanar Dangora da cikin garin Tudun Wada, da sauran wuraren da baƙi 'yan kasuwa da ma'aikata ke kama haya, ana samun rigima irin wannan: a kama yaro ɗan shekara 16 da tiramol a aljihu, kafin magariba mai gida ya aiko wa uban cewa su kwashe kayansu. Uban na rantsuwa bai san komai ba, mai gida na cewa ba za a ɓata masa sunan gida ba. Kowannensu akwai abin da doka ta ɗora masa, kuma galibi ba su sani ba.

Mai gida ba ƙarya yake ba idan ya ce yana tsoro. Dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mazaunin gida ko mai kula da shi da ya bari ana ajiye miyagun ƙwayoyi ko sayar da su a ciki. To amma tsoro bai ba shi damar canza kwaɗo, ko yanke wuta, ko watso katifa da tukwane tsakar titi ba. A tsarin haya da aka saba, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biya wata-wata ana ba shi notis na wata guda, mai biya shekara-shekara wata 6, sannan a ƙara kwana 7 kafin a je kotu. Alƙali ne ke tayar da mutum. Wanda ya yi gaban kansa na iya ƙarewa da biyan diyya.

Uba kuma ya sani: laifin ɗa ba ya hawa kansa don kawai shi ya haife shi, kuma doka ta hana a kama wani a madadin wani. Sai dai kalmar "ban sani ba" tana da iyaka. Uwar da take share kwalaben kodin daga ƙarƙashin gado tana zubawa a masai kafin mijinta ya dawo, da uban da ya ga baƙin samari na sallama da ɗansa ƙarfe ɗayan dare ya ja bargo ya juya, sun fara shiga sahun waɗanda suka bari ana ajiye ƙwaya a gida. A ganina wannan rufa-rufar ce ke jawo wa iyali rasa muhalli, fiye da shan kansa. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, don haka ganin kwalbarsa a ɗaki ba ƙaramin abu ba ne.

Abin takaici, taimakon ma ba nisa gare shi ba. Makarantar gyaran tarbiyya da gwamnatin Kano ta kafa tana nan a Kiru, asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa kuma yana Dawanau. Mutumin Bebeji ko Doguwa da ya riga ya kai ɗansa can, ya kuma shaida wa mai unguwa da mai gidan da bakinsa, yana da abin faɗa ranar da magana ta je gaban dagaci ko alƙali. Ya kuma adana rasit ɗin haya da duk takardar da aka ba shi, kada ya sa hannu a kan wadda ba a karanta masa ba.