Siffar Daɗewa da Gardamar Mutakallimai a Ƙasar Hausa

Tambayar nan, ko hankali zai karɓi samuwar Mahalicci wanda ba shi da farko ba shi da ƙarshe, tsohuwa ce a zaurukan malaman Kano. Littafin da aka fi dogara da shi a kanta shi ne Ummul Barahina, na Shaihu Muhammadu Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. Shi ya raba hukuncin hankali uku, watau wajibi, da mustahili, da ja'izi, sa'an nan ya jera siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah.

Ga yadda hujjar take. Duniya tana sāke hali, daga motsi zuwa tsayuwa, daga samuwa zuwa rashi. Abin da ke sākewa kuwa fararre ne, kowane fararre lalle yana da mai farar da shi. In shi ma wannan fararre ne, sai a nemi nasa mafarin, haka har ba iyaka, ko kuwa a kewayo a komo inda aka tashi. Duka biyu hankali ya ƙi su. Saboda haka dole a tsaya ga Wanda ba a fare shi ba.

Wajen fassara, malamai suka ba wannan siffa suna daɗewa. Sai dai a bakin jama'a abin da ya daɗe yana da ranar farawa, kamar ganuwar Kano. Don haka malami kan yi wa almajiri togaciya, ya ce daɗewar Allah rashin farko ce, wanzuwarsa kuwa rashin ƙarshe. Malamin makaranta da ya bar kalmar tsirara ya koyar da kishiyar abin da ake nufi.

Gardamar ba ta tsaya ga kalma ba. A ƙarni na 18 waɗansu masu karatun ilmin kalam suka ce duk wanda bai iya kawo waɗannan hujjoji ba imaninsa bai inganta ba, har suka kafirta talakawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, ya yi musu raddi cikin littattafansa, kamar Hisnul Afhami. Ya ce sanin tushen addini farilla ce a kan kowa, amma zurfafa cikin kalam farillar kifaya ce, wasu sun ɗauke wa wasu. Ya kafa hujja da cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓi shahadar mutane bai jarraba su da dalilan hankali ba.

Bisa wannan hukunci, leburan masana'anta a Bompai ko Sharaɗa wanda bai taɓa buɗe Ummul Barahina ba, musuluncinsa cikakke ne a shari'a. Nauyin tsare hujja da amsa wa mai musu yana wuyan malamai.