Birnin da Murjani Ya Gina a Ƙarƙashin Teku

Murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, yawancinmu dutse muka ɗauke shi. Alhali gini ne, kuma mai rai ne ya gina shi. Jan da ake yin tsakiya da shi daga Bahar Rum ake ciro shi, amma manyan magina su ne 'yan'uwansa na tekunan ɗumi, waɗanda ke tayar da gari sukutum a ƙarƙashin ruwa.

Maginin kansa ɗan mitsitsi ne, sau da yawa bai kai ƙwayar wake ba: jiki lagwai-lagwai, baki a sama, 'yan hannuwa kewaye da bakin. Sai ya tsotsi sinadarin alli daga ruwan gishiri ya yi wa kansa ɗaki ya zauna. In ya tsage ya zama biyu, ɗan ya jingina nasa ɗakin da na uban. Ka dai san gidan gandu a tsohon birni, kaka ya yi ɗaki, 'ya'ya sun ƙara, jikoki sun ja katanga, har ba ka gane inda gidan wane ya ƙare. Na ƙasa in sun mutu ba a rushewa, a kan kangonsu ake ɗora sabo. Wani ginin a shekara bai fi kaurin yatsa yake ƙaruwa ba. Amma da wannan tafiyar hawainiyar aka gina Great Barrier Reef a gaɓar Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, wanda ya zarce tafiyar Legas zuwa Maiduguri nesa ba kusa ba.

Gari kuwa sai da jama'a. Filin da waɗannan birane suka ci bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in ire-iren halittun teku a lungunansu suke neman abinci ko mafaka. Akwai ma wanzamin gari, wani ɗan siririn kifi mai wurin zamansa tabbatacce. Manyan kifaye su zo su yi layi, kowa ya wage baki, shi kuma ya shige ciki yana tsince musu ƙwari da mataccen nama, ya fito lafiya lau ba wanda ya haɗiye shi. Akwai mai shara, kifi mai baki irin na aku, wanda ke yini yana kankare gansakuka daga jikin katanga don kada ta rufe gini. Abin da ya niƙa ya kasayar, shi ne farin yashin da ake gani a bakin wasu tsibirai.

Sirrin garin dai a madafa yake. Cikin naman kowane magini akwai 'yan haya, wata irin gansakuka da ido ba ya gani, dubbai a ɗaki guda. Ba sa biyan ko kwabo, da girki suke biya. Hasken rana ne murhunsu, ƙazantar da jikin maigida ke fitarwa ita ce cefane, su kuma su miƙa masa abinci, wani lokaci har kashi 90 cikin 100 na abin da yake ci. Yawancin launin da ke jikinsa ma nasu ne. Shi ya sa ba a kafa irin wannan gari sai a ruwa garai-garai marar zurfi, inda rana ke kaiwa.

To, in zafin ruwa ya ɗara na watan da ya fi kowane zafi da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai girki ya ɓaci. Abin da ke fitowa daga tukunya ya koma guba, maigida ya fatattaki masu girkin. Namansa ya zama garau, ana hango farin ginin ta cikinsa. A hoto abin gwanin kyau, fari tas kamar an yi shafe, amma gida ne da aka daina hura wuta. Da dare maigida na miƙa hannu ya cafko 'yan ƙananan halittu, sai dai ba sa kai shi ko'ina. In ruwa ya huce da wuri, masu girki su dawo. In ya ƙi, yunwa ta gama da shi. A Ostireliya an ga haka a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Dubi yadda shekarun ke matsowa kusa da juna, bayan kuwa unguwar da ta mutu kan buƙaci shekara goma ko fiye kafin ta farfaɗo. Tushen abin hayaƙin fetur da kwal da gas ne, don teku ce ke shanye mafi yawan zafin da ya tara.

Masu kiwon kifin teku cikin akwatin gilashi a Turai da Amurka da Japan sun san wannan ciwon sarai, don unguwa guda suka ɗauko suka ajiye a falo. Kullum suna auna gishiri, kimanin giram 35 a lita, suna duba zafi kada ya gota digiri 25 ko 26 da yawa. Na'urar ɗumama ruwa ta sami matsala dare ɗaya, aikin shekaru ya tafi. Abin da ke ci min rai a harkar shi ne yadda wasu masu nutso a Filifin da Indunisiya ke fesa gubar sayanaid cikin lungu don kifi ya suma a kama shi da rai. An sami kifi ɗaya, an kashe masu gida. Wanda zai saya, ya nemi wanda aka ƙyanƙyashe a tanki, tunda yanzu ana samu. Masu kiwon nan kuma sun ƙware a dashe: a ɓalli reshe a manna a dutse ya kama. Da irin dabarar ake rainon murjani a gaɓar Fulorida, a rataye gutsattsari a jikin bututun roba cikin teku, in sun yi ƙwari a mayar da su kango. Aiki ne mai kyau, amma magini ɗaya da bokiti ba zai tayar da ganuwar da damina ke ci kowace shekara ba.

Alhazanmu ma sun ratsa ta kan irin wannan gari. Bahar Maliya cike take da shi, kuma tsofaffin gidajen Jidda da na Suwakin a Sudan, tashar da mahajjatan ƙafa suka riƙa bi, da tubalin murjani aka gina su. Can arewacin tekun, a mashigin Akaba, an gano murjanin wurin na jure zafin da ke korar masu girki a wasu tekuna, kuma masana sun duƙufa suna binciken yadda maigida da 'yan hayarsa na can suke iya zama tare a cikinsa.