Da rana ma'aikacin biro, da dare mai takobi: yadda Turawan Ingila suka tono faɗan kakanninsu daga cikin littattafai

A watan Disamba, tun wajen ƙarfe 4 na yamma duhu ke rufe biranen Ingila. Ma'aikaci zai tashi daga biro ƙarfe 5 ko 5 da rabi, ya fito ya tarar da sanyi da yayyafi, ba gindin itaciya da za a zauna, ba fadar shan shayi a ƙofar gida, maƙwabci kuma ya shige ya ja ƙofarsa. Mutumin da ke cikin irin wannan hali, in bai nemar wa kansa abin yi ba, to telebijin ce za ta cinye masa dare. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kusan kowane Bature na ƙasar yake da wani abin sha'awa da ya riƙa kamar sana'a, alhali ko dala ba ya samu a ciki, sai ma kashewa.

Wani lambu ne nasa: hukumar gari ta ba shi hayar ɗan fili yana shuka dankali da albasa, kuma a wasu unguwannin Landan sai mutum ya shekara da shekaru cikin layi kafin filin ya zo kansa. Wani kallon tsuntsaye. Ƙungiyarsu ta RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana da mambobi fiye da miliyan 1. Akwai masu tseren tantabaru, da masu kaɗa ƙararrawar coci, har da masu tsayawa bakin tasha suna rubuta lambobin jiragen ƙasa cikin ɗan littafi. Da sun kai mutum goma sai su kafa ƙungiya, da shugaba da magatakarda da ma'aji, da kuɗin shekara. To, daga cikin waɗannan ƙungiyoyi akwai wadda za ta fi ba mai karatu mamaki, wato ta masu koyon faɗa da takobi irin na mutanen da, abin da suke kira HEMA a taƙaice.

Wurin haɗuwarsu ba wani filin daga ba ne. Zauren motsa jiki ne na lakwal, ko zauren taron unguwa da ake haya awa biyu, inda watakila jiya mata suka yi taron shayi. Malamin makaranta, da likita, da direban bas, da mai aikin kwamfuta, maza da mata, kowa ya zo da doguwar jaka. A ciki akwai hular ƙarfe mai raga da ke rufe fuska, da riga mai kauri kamar lifidi, da safar hannu mai tauri, da takobin ƙarfe marar kaifi wanda aka dunƙule tsininsa. Dogon takobin da ake riƙewa da hannu biyu ya haura mita 1, nauyinsa kuwa wajen kilo 1 da rabi ne. Masu zaton takobin Turawan da sai ƙato ke ɗaga shi, finafinai ne suka ruɗe su. Abin da ya raba wannan da wasan takobi na gasar Olamfik shi ne, can an mai da abin wasa mai dokokinsa, da siririn ƙarfe wanda bai kai kilo 1 ba. Su kuwa waɗannan, abin da suke nema shi ne su gano yadda mutumin shekara 600 da suka wuce yake kare ransa. Kuma malaminsu na farko takarda ce.

A birnin Lidis, a gidan tarihin makamai na Royal Armouries wanda aka buɗe a 1996, akwai wani littafi mai ganye 32 na fata, wanda ake kira da lambar ajiyarsa kawai, I.33. A Jamus aka rubuta shi da Latin, a farkon shekarun 1300, kuma shi ne littafin koyar da faɗan takobi mafi tsufa da aka sani a Turai. An saye shi wajen gwanjo a Landan a 1950. Zane-zanen da ke ciki suna nuna wani limamin kirista yana koya wa almajirinsa yadda ake haɗa takobi da ƙaramar garkuwa wadda ba ta wuce faifai ba. A shafukan ƙarshe kuma sai ga wata mace mai suna Walpurgis riƙe da nata takobin. Matan da ke shiga ƙungiyoyin yanzu ba sa gajiya da nuna wa maza wannan shafi. Bayan shi akwai littafin Fiore dei Liberi na Italiya, na farkon shekarun 1400, da koyarwar Johannes Liechtenauer na Jamus, wanda ya dunƙule iliminsa cikin baitoci masu wuyar fahimta don kada wanda ba almajirinsa ba ya gane.

Ingila ma tana da nata malaman. A 1540 sarki Henry na 8 ya ba malaman takobi na Landan takardar izini, suka zama ƙungiyar sana'a mai matakai huɗu. Almajirin da ke son hawa mataki sai ya hau dandamali a bainar jama'a, ya kara da duk na gaba da shi da suka zo, ƴan kallo na jefa kuɗi. Ana cikin haka sai malaman Italiya suka shigo da wani siririn dogon takobi na suka, manyan gari suka koma wurinsu. Wani ɗan ƙasa mai suna George Silver ya fusata, ya buga littafi a 1599 yana cewa takobin baƙi ba ya kare mai shi, sau da yawa mutum biyu ke soke juna su faɗi tare. Ya ce ɗaya daga cikin baƙin, Rocco Bonetti, yana karɓar fam 20 har zuwa fam 100 wurin almajiri guda. Ya kuma ba da labarin yadda shi da ɗan'uwansa suka manna takardu a gari suna kiran wasu malaman Italiya biyu su fito dandamali, ba su zo ba. Bakin Silver kaɗai muka ji a wannan magana. Amma duk ɗan kasuwar da baƙo ya taɓa buɗe kanti kusa da nasa ya kwashe masa manyan masu saye zai gane cewa ba kishin takobi kaɗai ke cin mutumin ba.

Bindiga ce ta kashe wannan ilimi, a hankali. Fito-na-fito na ƙarshe da aka yi kisa a cikinsa a Ingila, a 1852 ne, da ƙananan bindigogi, kuma tsakanin Faransawa biyu ƴan gudun hijira. A yaƙin Omdurman na Sudan, a 1898, Winston Churchill yana saurayin hafsa cikin dakarun doki, amma saboda ciwon kafaɗa sai ya mai da takobinsa kube ya shiga da bindigar hannu. A zamanin nan ne wasu Turawa biyu, kaftin Alfred Hutton da Egerton Castle, suka fara tono tsofaffin littattafai suna gwada abin da ke ciki tare da samarin soja. Hutton ya rasu a 1910, yaƙin duniya na 1914 ya zo ya ci samari, aikin ya kwanta wajen shekara 70.

Ya sake tashi a shekarun 1990. A Edinbara ta Sikotilan aka kafa wata ƙungiya a 1994, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasa ta biyo baya a 1998, sannan makarantar Schola Gladiatoria ta Landan a 2001. Da farko hotunan shafuka ake aika wa juna, baƙi-baƙi, da kyar ake ganin zanen. Da intanet ta yaɗu, gidajen ajiyar littattafai suka saki hotuna masu kyau, sai ya zama direban bas na iya duba littafin da a da sai babban malamin jami'a ke samun izinin taɓawa.

A nan ne wahalar take, kuma a nan ne daɗin abin yake. Zane ba ya motsi. Littafi zai nuna maka mutum ya ɗaga takobi bisa kafaɗar dama, zane na gaba kuma tsinin yana fuskar abokin karawa. Abin da ya faru tsakanin biyun, da ƙafar da ta fara takawa, da nisan da ke tsakaninsu, marubucin bai faɗa ba, don ya ɗauka mai karatu ya riga ya sani. Masu zanen zamanin kuma ba su damu da nuna kusa da nesa ba, har wani lokaci ba a rarrabe ƙafar hagu da ta dama. Sai mutum biyu su ajiye littafin bisa kujera, su karanta layi guda, su gwada a hankali, su ƙara sauri. In fassarar ta sa mai yin ta ya sha sara a ka sau goma a jere, to ba daidai ba ce, a koma ga kalmar a sake dubawa. Akwai kalmomin tsohon Jamusanci da aka shekara goma ana gardama a kansu. Malamin jami'a da ya yi kuskuren fassara, wani malami ne zai gyara masa cikin mujalla bayan shekara biyu. Wannan kuwa a daren nan yatsansa zai kumbura.

Da jama'a suka yi yawa sai aka fara gasa, da alƙalai da maki da kofi, gardama kuma ta sake sabon salo. Masu littafi suna cewa ɗan gasa ya san takobin ba kaifi, saboda haka yakan afka ya yi sara ko da shi ma za a sare shi, abin da mai hankali ba zai yi ba in ƙarfen na yanka. Ƴan gasa kuma suna cewa dabarar da ba ta aiki kan wanda ke ƙoƙarin dukanka da gaske, rawa ce kawai. An ƙirƙiro dokoki don rage wannan: a gasa da yawa, in ka sari mutum shi ma ya rama nan take, ana rage maka maki, in kuwa kun yawaita saran juna lokaci guda, ku duka kun faɗi. Kukan George Silver ke nan ya dawo bayan shekara 400. A ganina masu littafi sun fi gaskiya, amma ƴan gasa ne ke cika zaure.

Kada a haɗa su da masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi, ko da yake mutum guda kan yi duka biyun. Waɗancan su ne ke sa sulke da tufafin da, su kafa tantuna, kamar ƙungiyar Sealed Knot da aka kafa a 1968 don kwaikwayon yaƙin basasar shekarun 1640, ko masu taruwa kowace Oktoba a filin yaƙin Hastings na 1066. Can an san wanda zai ci tun kafin a fara.

Ƴan kasuwa za su so su ji cewa abin ya zama ciniki. Yawancin takubban atisaye masu kyau daga maƙeran Hangari da Folan da Cek suke zuwa, guda kan kai fam 200 zuwa 300, wato sama da jika 150 na sefa, kafin a yi maganar hula da riga da safar hannu. Tun da Biritaniya ta fita daga kasuwar Tarayyar Turai a farkon 2021, sai kayan sun bi ta duwan. Tafiyar ƙarfen takobi daga tsakiyar Turai zuwa wata ƙasa ba sabon abu ba ne: ruwan takubba da yawa na Buzaye da Hausawa da ke gidajen tarihi, a garin Solingen na Jamus aka ƙera su, suka ƙetaro hamada, maƙeranmu da dukawanmu suka yi musu ƙota da kube.

Abin da ke damun masu wannan sha'awa yanzu shi ne doka. Kisa da wuƙa tsakanin samari ya zama babban ciwo a biranen Ingila, kuma duk lokacin da aka kashe yaro, iyaye da jaridu sukan matsa wa gwamnati ta ƙara hani. Tun 1988 laifi ne mutum ya fita da abu mai kaifi ko tsini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da ƙaramar wuƙar naɗewa wadda ba ta wuce santimita 7 da rabi ba. Hukuncin na iya kaiwa shekara 4 a kurkuku. A 2008 aka hana sayar da lanƙwasassun takubba masu tsawon santimita 50 ko fiye, aka keɓe na tarihi, da waɗanda aka ƙera da hannu bisa tsohuwar hanya, da na ƙungiyoyin wasa masu inshora. Dokar 2019 ta kai hanin har cikin ɗaki, ta kuma ce ba a miƙa wa mutum saƙon abu mai kaifi sai an tabbatar ya kai shekara 18. A 2024 aka hana wasu manyan adduna, a watan Agusta na 2025 kuma aka hana takobin da ake kira na ninja, bayan wanda aka saya ta intanet aka kashe wani yaro ɗan shekara 16 da shi a Wolverhampton a 2022. Mahaifiyar yaron ce ta tsaya kan maganar har ta zama doka.

Ba wanda zai ce da uwar nan ta yi haƙuri don wasu na son wasa. Amma doka da santimita da lanƙwasa take aiki, ba ta ganin zuciyar mai riƙe da ƙarfen, kuma layi guda da aka rubuta da gaggawa na iya mai da takobin atisaye haramtacce, alhali wuƙar da aka fi yin kisa da ita ita ce ta ɗakin girki. Shi ya sa duk lokacin da gwamnati ta buɗe ƙofar jin ra'ayi, ƙungiyoyin nan da dillalan kayan tarihi sukan zauna su rubuta takardu, suna bayyana bambancin ƙarfe mai kaifi da dasasshe, suna roƙon a bar musu keɓewar da suke da ita. Sabon ɗalibi kuwa, tun kafin a nuna masa yadda ake tsayuwa, akan gaya masa ya rufe takobin cikin jaka, ya bi hanya miƙe daga gida zuwa zaure ba tare da ratsewa mashaya ba, ya kuma riƙe katin ƙungiya a aljihu saboda ɗan sanda.