Rabon Da Muka Gada, Da Zumuntar Da Ta Rage Gare Mu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista na Unguwar Boro da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna.

Wanda duk ya bi layinmu ran Lahadi da safe zai ji ana waƙa a majami'u barkatai, ga Katolika, ga ECWA, ga Baftis, ga Anglikan, ga kuma sababbi. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake hana yaro auren yarinya don ba cocinsu ɗaya ba, ko a yi rasuwa a tsaya gardamar wanda zai yi addu'a, gawa kuwa tana jira.

To, jama'a, mu tambayi kanmu, ina asalin rabon nan? A shekarar 1910 Turawan Mishan suka yi taro a Lakwaja, daga nan suka riƙa shirya wa junansu iyaka don kada su yi ta karo. Ta haka Lutheran na Danmak suka zauna Numan a 1913, 'Yan'uwa suka kafa a Garkida a 1923, SIM kuwa ta riƙe Kwoi da Kagoro. Su Fada na Katolika tun 1907 suna Shendam. Watau da yawanmu ba zaɓen ɗarika muka yi ba, garin da aka haife mu ne ya zaɓa mana.

Magabatanmu sun gane haka. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 aikin haɗin gwiwar mishan-mishan ne. A 1955 aka kafa tarayyar da a yau ake kira TEKAN. A nan Kaduna ma, mutanen ekklesiyoyin tarayyar nan da aiki ya kawo su birni suka ga ba amfani kowa ya gina nasa, sai suka taru ƙarƙashin rufi guda. Shi ne asalin HEKAN, Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, wadda hedkwatarta ke garin nan.

Amma ba kowane ƙoƙari ne ya yi nasara ba. A Disamba 1965 saura ƙiris Anglikan da Methodist da Presbyterian su zama ekklesiya ɗaya, sai ƙararraki a kotu suka rushe shirin. Ƙungiyar CAN da aka kafa a 1976 ta tara rukuni biyar, duk da haka a 2013 aka ji bishop-bishop na Katolika sun janye jiki daga harkokinta na ƙasa na wani lokaci.

Abin lura a nan shi ne, mun fi saurin haɗuwa in tsoro ya zo. Bayan rikicin shekarar 2000, da mutane suka yi ta ƙaura suna haye kogi, ba wanda ya tambayi ɗarikar baƙo kafin ya shimfiɗa masa tabarma. Hankali na kwanciya, sai kowa ya koma zargin maƙwabcinsa da satar tumaki. Haɗin kan da tsoro ya ƙulla, da zarar tsoron ya wuce sai ya kwance.

Saboda haka ga shawarata. Ban ce kowa ya bar koyarwarsa ba. Amma fastoci da Fada na unguwar nan su riƙa zama tare ko sau ɗaya a wata, ba sai wata fitina ta taso ba. Zumuntar mata su haɗa asusu guda domin gwauraye da marayu, ba tare da duba katin baftisma ba. Iyaye kuma su sassauta kan maganar aure. In mun iya zama lafiya a tsakaninmu, sa'an nan bakinmu zai yi nauyi wajen neman sulhu da maƙwabtanmu Musulmi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to, daga ƙofar wannan coci zuwa waccan ba nisa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani mazaunin Unguwar Boro, Kaduna.