Ƙarar salansa ba ita ce matsalar ba, hayaƙin ne

Akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da tsofaffin Hilux, har yau suna jigilar kaya tsakanin Gyallesu da kasuwar Tudun Wada. Da yawansu sai ka ji su kafin ka gan su. Direba kan ce "ai salansa ce kawai". To, abin dubawa shi ne a ina ta ɓule.

Hayaƙin injin fetur na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Idan ta shiga jini, takan maƙale wa sinadarin himogulobin da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Sakamakon: ciwon kai, jiri, kasala, gyangyaɗi a kan sitiyari. Mutum sai ya ɗauka maleriya ce ko gajiya. Tsofaffin motoci masu kafireto kuwa galibi ba su da na'urar tace hayaƙi, don haka nasu ya fi guba. Lokacin hunturu abin ya fi muni, domin kowa ya rufe gilashi.

Hujin da ya fi haɗari shi ne na gaba, wajen manifol, inda bututun ya haɗu da injin. Daga nan hayaƙi ke bi ta ramukan fedal da ruɓaɓɓen ƙasan mota ya iske direba. Alamarsa tana da ban sha'awa: da safe in an tada mota za a ji "tik-tik-tik" mai bin saurin injin, bayan 'yan mintuna ta ragu. Ba warkewa ta yi ba fa. Ƙarfe ne ya yi zafi ya buɗe, ya matse tsagar. Shi ya sa in ka kai wa bakanike motar da zafinta, zai iya rantsewa lafiyarta ƙalau. Bar masa ita ta kwana.

Sauran binciken ba ya buƙatar kwamfuta. A fili za a yi shi, ba cikin rufaffen gareji ba. Injin na sanyi, a haska tocila a bi bututun ana neman baƙin tabo kamar na gawayi a mahaɗai, da ƙusar da ta karye. Sannan a tada mota, wani ya toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙu kaɗan. Hayaƙin zai nemi hanya, hujin ya yi ta huci. Wadda na fi so ita ce ta ruwan sabulu: mota a kashe, a hura iska ta bakin salansa, a yayyafa ruwan a mahaɗan. Inda kumfa ya taso, nan ne.

Me ke cin bututun? Ruwa, daga ciki. Ƙona litar fetur ɗaya na samar da kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi. Motar da aikinta gajeren zango ne ba ta ɗumama salansa har ruwan ya ƙafe, sai ya kwanta ya haifar da tsatsa.

Wani abu da masu walda ke yi wanda ban yarda da shi ba: yanke ruɓaɓɓen ƙarshen bututu a bar shi ya tsaya ƙarƙashin bodi. A motar da ake ɗaukar leburori da yara a baya, hayaƙin kansu yake komawa. A ƙara bututun har ya leƙo waje.