Gardamar ƴan gaban Mena a fadojin Arewa

Ƙasar Arewa ƙasar kokowa ce, wannan kowa ya sani. Amma duk wanda ya zauna fada da maraice a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, ko Gesheme, ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wato Mena, ta yi wasa, zai tarar ana tafka wata gardama wadda ba ta ƙarewa. Tambaya guda ce ake ta juyawa: wa ya kamata a sa gaba, mutum ɗaya ko biyu, kuma wa ke da ikon yanke wannan shawara? Ya ku masu karatu, maganar ba ta shan shayi kaɗai ba ce, domin tarihin Mena kansa ya nuna abin da take jawowa.

Mu koma shekarar 2010. A lokacin Haruna Dula Gabde ne mai horas da ƴan wasa, kuma ƙuri'a ta haɗa Nijar da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo, wajen neman zuwa gasar Kofin Afirka ta 2012. Masar kuwa ita ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau 3 a jere. Ran 10 ga Oktoba 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai, Musa Ma'azu ya jefa mata ƙwallo ɗaya, aka tashi 1 da 0. Daga baya Mena ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duka a gida. A ƙarshe ƙasashe uku suka tashi da maki 9 kowace, aka duba wasannin da suka yi tsakaninsu, Nijar ta fito. Ƴan Afirka ta Kudu har sun yi rawa a fili suna tsammanin su ne suka wuce, saboda ba su karanta doka da kyau ba. A ƙarshen 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Dula gwanin masu horaswa na shekara.

To, amma akwai wani lissafi da masu gardama ba su mantawa da shi. Ƙwallaye 6 ɗin da Mena ta ci a wannan zagaye, dukansu a Yamai ta ci su. Wasanni 3 da ta yi a waje, an cinye ta duka, ba ta jefa ko ɗaya ba. Daga nan ra'ayi ya rabu biyu.

Kashi na farko suna cewa ƙungiyar da ba ta kai abokan karawarta ƙarfi ba, dole ta tsare gida tukuna. Sai a cika tsakiya da mutum biyar, a bar ɗan gaba guda mai gudu irin Ma'azu, a riƙa aika masa ƙwallo mai tsawo bayan ƴan bayan abokan karawa. In ya sami sarari sau biyu ko uku, ɗaya za ta shiga. Kashi na biyu kuwa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan gaba guda, in aka sa masa mutum biyu suka tsare shi, ya zama ɗan kallo, ƙwallo kuma duk lokacin da aka buga ta gaba sai ta dawo, ƴan baya su yi ta shan wahala har su gaji. A ganinsu a ba shi abokin tafiya, ɗaya ya tare ƙwallo da ka ko da ƙirji, ɗaya ya kutsa. Kowane kashi yana da gaskiyarsa, domin wanda ya ƙara mutum a gaba, lalle ya rage mutum a tsakiya.

Gasar 2012 a Gabon ta ƙara wa wutar itace. Kafin a tafi, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ɗauko wani Bafaranshe, Rolland Courbis, a matsayin mai ba da shawara. Ran 23 ga Janairu, Gabon ta ci Mena 2 da 0 a Libarbil, daga nan sai ragama ta koma hannun baƙon. A wasa na biyu William Ngounou ya rama ƙwallon da Tunisiya ta fara jefawa, amma dab da tashi aka sake jefa wa Mena, aka tashi 2 da 1. Maroko ma ta ci 1 da 0. Bayan gasar aka sauke Dula, Courbis kuwa bai wuce ƴan watanni ba ya ajiye aikin. A 2013 Bajamushe Gernot Rohr ya kai ƙungiyar Afirka ta Kudu: Mali ta ci 1 da 0, aka yi canjaras babu ci da Kwango ta Kinshasa, Gana ta ci 3 da 0. Jimla ke nan, wasanni 6 a gasa biyu, maki ɗaya, ƙwallo ɗaya tak. Masu horaswa uku sun taɓa ragamar, ciwon dai bai sake wuri ba.

Abin da ya biyo baya ya hana kowane kashi yin alfahari. A farkon 2023, a Aljeriya, Dula ya kai ƙungiyar ƴan wasan gida zagayen kusa da na ƙarshe na gasar CHAN, bayan ta ci Kamaru 1 da 0, ta ci Gana 2 da 0. A Nuwamba 2024 kuma, ƙarƙashin ɗan Maroko Badou Zaki, Mena ta ci Sudan 4 da 0, ta bi Gana har Akara ta ci ta 2 da 1, ko da yake maki ɗaya ya hana ta zuwa gasar 2025. Wajen neman zuwa Kofin Duniya na 2026 ta zo ta biyu a rukuninta, bayan Maroko. Ashe ɗan gida ya iya, baƙo ma ya iya, in an bar mutum ya yi aikinsa shi kaɗai, an kuma ba shi lokaci. Abin da ya ɓata tafiyar 2012 shi ne shugabanni biyu a benci guda, ɗan wasa bai san muryar da zai bi ba.

Saura magana guda wadda ta shafi Arewa kai tsaye. Mai horaswa ba ya ƙera ɗan gaba cikin mako biyu na zaman shiri, abin da ya tarar shi yake jerawa. A kokowa, hanya a fili take. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, yaro yana farawa daga dandalin ƙauyensu bayan girbi, ya hau zuwa gunduma, ya hau zuwa jiha. Ta wannan hanya jihar Doso ta sami Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Doso ke ɗauke da sunansa, ta kuma sami Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobi sau 6. Ƙwallon ƙafa kuwa ƙarfinta ya taru a Yamai, inda manyan ƙungiyoyi suke. Yaron da ke cin ƙwallo ba takalmi a Kore Mairuwa ko Dankasari, wa zai gan shi?

Don haka gardamar fada tana da amfani, amma kada ta tsaya kan sunayen mutum biyu ko uku. Magadan gari, da malaman makaranta, da ƴan kasuwa masu hali na gundumomin Dutsi da Tibiri, su kafa gasa tsakanin ƙauyuka da makarantu kowace shekara, a gyara fili, a gayyato masu neman ƴan wasa su zo su gani da idonsu. Ranar da mai horaswa ya sami ƴan gaba biyar nagari a hannunsa, zaɓen ɗaya ko biyu zai zama gardama mai daɗi. Allah Ya nuna mana ɗan Arewa sanye da rigar Mena, amin.