Daga Monrobiya zuwa Agadas: yadda wani tsohon soja a Bauchi ke kallon ficewar Amurka

A wata rumfa kusa da barikin Shadawanka a Bauchi, wani tsohon saje da ya yi aiki a rundunar ECOMOG yakan zauna da rediyonsa kowace yamma. A nan ya ji labarin ficewar sojojin Amurka daga sansaninsu na Agadas a watan Agustan 2024, bayan gwamnatin sojan Nijar ta soke yarjejeniyar tsaro a watan Maris. Bai yi mamaki ba.

A ganinsa, ƙiyayyar ba ta Amurka kaɗai ba ce: duk sojan da ya daɗe a ƙasar wasu, gajiya ake yi da shi. Yana tuna yadda mutanen Monrobiya suka tarbe su da murna a 1990. Ba a yi shekaru da yawa ba wasunsu suka koma kiran rundunar masu wawure dukiya, alhali abokansa na mutuwa a titunan birnin.

Shi ya sa hankalinsa ya kwanta da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da tura sojoji Nijar a 2023. Abin da yake so masu rubuta wa ministoci takardun shawara a Abuja su fara tambaya shi ne ranar dawowar bataliya, da wanda zai riƙe iyalan waɗanda ba su dawo ba.